Muhawara: Wa ke da hakkin sa ido kan tafkunan kashi a manyan gonakin kiwo?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ga tambaya ga masu ilimin abin. Idan mutum ya tara shanu 1,000, ko aladu 10,000, ko kaji 200,000 a wuri guda, kashin da suke yi kullum ina yake zuwa, kuma wa zai ce ga yadda za a ajiye shi? Saniyar madara ɗaya tana fitar da kashi da fitsari kilo 50 zuwa 70 a rana. Shanu 1,000 ke nan tan 50 zuwa 70 kowace wayewar gari, ban da ruwan wanke daɓe. Da gari ne ke fitar da ƙazanta mai yawan haka, da an tilasta masa gina wurin tace ta. Amma gona, a ƙasashe da yawa, rami kawai ake haƙawa a zuba, a jira lokacin kwasa a watsa a fili. Ni a ganina duk gonar da ta kai wannan girma ta zama masana'anta, a yi mata doka irin ta masana'anta. Me kuka gani?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, tun farko ka ɗora zancen a kan cewa taki ƙazanta ne. Taki dukiya ce. Babu mai kiwo mai hankali da zai bar shi ya bi ruwa alhali akwai manoman da ke nema. Kuma na san yadda irin wannan doka take ƙarewa: babban kamfani ya ɗauki lauyoyi ya cika takardu, mai ƙaramin ƙarfi ya rufe gona. Ana neman hukunta manya, ƙanana ne ke shan duka.

Malam Habibu:
Hajiya, ai ban ce a bi mai shanu 20 ba. A Amurka ma da adadi suka raba. Gona tana shiga sahun manya ne idan ta kai shanun madara 700, ko shanun nama 1,000, ko manyan aladu 2,500, ko kajin nama 125,000. Wanda bai kai ba, sharuɗɗansa daban.

Hajiya Rabi:
To sai mutum ya tsaya a 699 ya buɗe wata gonar da sunan ɗansa a ƙetaren hanya. Ka ga dokar ta yi aiki ke nan?

Injiniya Sani:
Hajiya ta taɓo gaskiya a nan, ana yin haka. Amma bari in fara da ramin kansa, don yawancin mutane ba su san yadda yake lalacewa ba.

Hanya uku ce. Ko ya tsiyaye ta ƙasa, ko ya cika ya tumbatsa, ko bangonsa ya fashe gaba ɗaya. Ta ukun ce ake gani a labarai. A watan Yuni na 1995 bangon wani tafkin kashin aladu ya fashe a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, galan miliyan 25 suka kwarara zuwa kogin New River, kusan lita miliyan 95 ke nan. A 1999 guguwar Floyd ta kawo ambaliyar da ta shanye tafkuna da dama a wannan jiha. A 2018 guguwar Florence ta sake yin haka, aladu kusan 5,500 da kaji sama da miliyan 3 suka mutu, tafkuna da yawa suka tumbatsa.

Amma ni wadda ta fi damuna ita ce ta farko, don ba ta da ƙara. Tafkin da aka daɓe da yumɓu yana tsiyaya kaɗan-kaɗan ko da an yi shi daidai. In ya sauka ya bushe, yumɓun ya tsattsage. In aka bar bishiya ta fito a bango, saiwa ta huda shi. Ɓeraye su yi rami. Alamar da nake fara dubawa idan na zagaya bayan bango ita ce ciyawa. Za ka ga ko'ina ta bushe, sai wani ɗan wuri a gindin bangon ta yi kore shar, in ka taka ƙasar ta lotsa, takalminka ya fito da baƙin laka mai wari. Mai gonar zai rantse maka tafkinsa lafiya lau, kuma ba ƙarya yake yi ba, shi daga sama yake kallo.

Don haka abin da doka ya kamata ta tilasta ba shi da yawa: shimfiɗar roba mai kauri ko kankare a ƙasa, tazara tsakanin ruwan da bakin bango, nisa daga rijiya da kogi, da ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye da za a riƙa ɗiban ruwa ana aunawa. A Ingila dole a bar santimita 75 a bakin tafkin ƙasa, santimita 30 a tankin kankare ko ƙarfe, kuma ba a gina shi ƙasa da mita 10 daga ruwa.

Auwal:
Injiniya, to me ya hana kawai a rufe tafkin a tara iskar a yi wuta da ita? Matsala ta zama riba. Ni ban ga abin dogon zance ba.

Dakta Zainab:
Auwal, za a zo kan naka. Injiniya ya yi maganar ruwa, ni bari in yi ta iska, don ita ce ke kashe mutum nan take.

Ruwan kashi in ya kwanta, ɓawo yake yi a sama, iskar haidurojin salfaid tana tare a ƙarƙashi. Ranar da za a kwashe, sai an sa inji ya dama shi, a nan ne take fitowa gaba ɗaya cikin mintunan farko. In kaɗan ce, warin ruɓaɓɓen ƙwai za ka ji. In ta yi yawa sai ta kashe jijiyar hanci, ka daina jin komai, ka ɗauka ta wuce. In ta ƙara yawa, numfashi ɗaya ko biyu mutum ya faɗi. Kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a cikin rami da ƙasan ɗaki take kwanciya.

Abin da ya fi ciwo shi ne da wuya mutum ɗaya ya mutu shi kaɗai. Na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. A 2012 a Ireland ta Arewa uba da 'ya'yansa biyu maza suka rasu a rami ɗaya ta wannan hanya. Na taɓa shiga wani ɗakin da ramin yake ƙarƙashin daɓe jim kaɗan bayan an dama ba a fitar da dabbobin ba. Waɗanda ke kusa da bakin injin suna kwance a jere, babu rauni ko ɗaya a jikinsu, na can ƙarshen ɗakin kuma suna tsaye suna cin abinci. Ma'aikacin da ya kunna injin bai san akwai irin wannan iska ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Duk dokar da ta tsaya a kan kauri da zurfin tafki ta manta da mutumin da ke tsaye a bakinsa, to ba ta cika ba.

Baba Lado:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Likita, ni tambayata ta mai rijiya ce. Idan wannan ruwa ya shiga rijiyar mutum, zai gane da ido ko da baki?

Dakta Zainab:
Baba, ba lallai ba ne. Ƙwayoyin cuta wani lokaci sukan zo da canjin launi ko wari, amma sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga taki, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ne suka fi shiga haɗari, yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓensu ya yi shuɗi. Kuma tafasa ruwan ba ya cire shi, ƙara masa ƙarfi ma yake yi, tunda ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan.

Hajiya Rabi:
Tunda an kawo misalai, ni ma ga nawa. Garin Walkerton a Kanada, shekarar 2000. Mutum 7 suka mutu, sama da 2,000 suka kwanta, daga kashin shanu da ruwan sama ya kai rijiyar gari. Gonar ba katafariya ba ce, kuma binciken da aka yi ya wanke manomin, ya bi ƙa'ida. Masu kula da ruwan garin ne ba su sa maganin kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata ba. Saboda haka a daina nuna kamar babbar gona ce kaɗai ke gurɓata ruwa.

Injiniya Sani:
Haka ne Hajiya. Sai dai misalin naki ya fi taimaka wa Malam Habibu. In 'yar ƙaramar gona da ta bi ƙa'ida ta iya haifar da haka saboda rijiyar ba ta da zurfi kuma dutsen ƙasan ya tsattsage, ina ga tafkin da ke riƙe da lita miliyoyi a irin wannan ƙasa?

A'isha:
Yayyena da iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Fannin ƙasa nake karanta, kuma ina ganin duk muna zagaye bakin rami ne, alhali matsalar tana can cikin fili.

Tafki ba ya cinye komai. Ajiya ce kawai. Ko da zinariya aka daɓe shi, wata rana sai an kwashe abin da ke ciki an kai wani wuri. Tambayar ita ce, akwai filin da zai iya ɗauka? Shuka tana da iyakar abin da take sha daga sinadaran taki, wato naitirojin da fosforas. Abin da ya wuce haka, naitirojin ya gangara ruwan ƙasa ko ya tashi sama a matsayin ammoniya, fosforas kuma ya taru a ƙasa har ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi.

Tarayyar Turai tun 1991 ta sa iyaka a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari: kilo 170 na naitirojin daga taki a hekta ɗaya a shekara. Mu yi lissafi. Saniyar madara tana fitar da kusan kilo 100 a shekara, mai yawan nono ta wuce haka. Shanu 1,000 ke nan kilo 100,000. Raba da 170, ka ga ana bukatar hekta kusan 600. Gonar da ke da shanu 1,000 da hekta 100, tana sayo abincin dabbobi daga nesa, to kullum sinadari na shigowa a mota ba ya fita. Hajiya ta ce taki dukiya ce, na yarda. Amma ruwan kashi fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, in ka ɗauke shi a tanka ka yi 'yan kilomitoci, kuɗin mai ya fi darajar abin da ke ciki. Shi ya sa ake jibge shi a filayen kusa, shekara bayan shekara. A Holan abin ya kai mai kiwo ne ke biyan manomi don ya karɓi takin.

Kuma kada a ce busasshen kashin kaji ya tsira. Shi fosforas ɗinsa ya yi yawa in aka kwatanta da naitirojin. In ka zuba daidai bukatar shuka ta naitirojin, ka zuba fosforas fiye da kima. Kogin Wye da ke tsakanin Wales da Ingila, inda aka tara miliyoyin kaji a kewayensa, yana yin kore da gansakuka, har a 2023 hukuma ta sauke matsayin lafiyarsa. Ba tafkin da ya fashe a can. A gaɓar tekun yankin Brittany na ƙasar Faransa, ciyawar teku da naitiret ya ciyar tana taruwa tana ruɓewa, a 2009 iskar da ta fitar ta kashe doki a bakin teku, mahayinsa ya suma.

Ni dokar da nake so ita ce wadda za ta ce: kafin a ba ka lasisin dabba kaza, nuna mana filin da kashinsu zai je, ko takardar yarjejeniya da wanda zai karɓa. In babu, rage dabbobi.

Malam Habibu:
Malama A'isha, kin gyara min tambayata. Amma ajiyar fa? Kina nufin ba ta da muhimmanci?

A'isha:
Tana da shi Malam, amma da watanni ake auna ta. Amfanin tafki shi ne ya ba ka damar jira har lokacin da shuka ke bukata. In ya yi ƙanƙanta, zai cika a lokacin da ƙasa ta jiƙe sharkaf ko ta daskare, dole ka watsa ko ya tumbatsa, kuma duk biyun kogi za su. A Ingila, a yankunan da aka ware saboda ruwansu na cikin haɗari, mai aladu ko kaji sai ya tanadi ajiyar wata 6, mai shanu wata 5. A Denmak yawanci wata 9 ne.

Auwal:
Har yanzu ba a amsa min ba fa.

Injiniya Sani:
Yi haƙuri ƙanena. Rufe tafki a tara gas abu ne mai kyau. Kashin da ke kwance cikin ruwa ba iska yana fitar da mithen mai yawa, wanda ya ninka hayaƙin kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 80 cikin shekara 20. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta yi doka a 2016 da nufin rage wannan iska da kashi 40 cikin 100 kafin 2030, kuma irin waɗannan tankunan ne suka fi dogara da su. Wari ma yana raguwa. Amma shi gas ɗin, galibi kabon da haidurojin yake ɗauka. Naitirojin da fosforas suna nan a ruwan da ya rage, kusan yadda suka shiga. Lissafin A'isha na hekta 600 bai canza ba. Akwai ma masu ƙorafin cewa in gas ya zama hanyar kuɗi, sai mai gona ya ƙara shanu don ya ƙara kashi.

Auwal:
To, ashe rabin magani ne.

Barista Nura:
Na yi shiru ina karantawa. Duk abin da kuka lissafa yana rubuce a dokokin ƙasashe da dama. Inda ake faɗuwa wurare biyu ne.

Na farko, wa ke dubawa? A Amurka dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta ambaci irin waɗannan gonaki da suna. Amma a 2011 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa ba za a tilasta wa gona neman lasisi ba sai in tana zubar da ƙazanta a ruwa a zahiri. Sakamakon haka kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manyan gonakin ke da wannan lasisi. Mai gona ne zai ce yana zubarwa ko ba ya zubarwa. Ita ma Jamus, da duk tsarinta, kotun Turai ta same ta da laifi a 2018 kan gazawa wajen rage naitiret a ruwa. Holan ta kai ga auna nauyin kowace motar taki, a ɗebi samfuri, a bi sawunta da na'urar tauraron ɗan'adam, kuma duk da haka ana kama masu maguɗin takardu. Da babbar kotunsu ta rushe tsarin gwamnati na naitirojin a 2019, manoma suka fito da taraktoci suka toshe hanyoyi, har jam'iyyarsu ta lashe zaɓen larduna a 2023. Duk wanda ke ganin rage dabbobi abu ne da za a rubuta a takarda a wuce, ya dubi can.

Na biyu, kuma shi ne amsar damuwar Hajiya: kashin na wa ne? A tsarin kwangila, kamfani ne ke da dabbobin, shi ke kawo abinci da magani, shi ke zuwa ya kwashe su in sun isa yanka. Mai kiwo nasa ginin ne, da bashin banki, da tafkin. Riba ta tafi da kamfani, kashi ya zauna da talaka. In hukuma ta zo, sunan mai kiwo ne a takarda. Maƙwabtan gonaki a Karolina ta Arewa sun tsallake masu kiwon, suka kai ƙarar reshen kamfanin naman alade na Smithfield kai tsaye kan wari da ƙudaje da feshin ruwan kashi, kuma a 2018 suka yi nasara a shari'o'i da dama. Majalisar jihar kuma ta ƙara ƙuntata damar shigar da irin wannan ƙara.

Hajiya Rabi:
Yauwa Barista, yanzu aka zo wurin. Ni ba tsabta nake ƙi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce in sa robar da ta fi ƙarfin aljihuna, alhali wanda ke saye a hannuna ba zai ƙara ko kwabo ba.

Baba Lado:
'Yata, shi kuma mai rijiya bai ci riba ba, bai ci bashi ba, amma shi zai sha ruwan. In ana rabon kuɗin gyara tsakaninku da kamfani, a tuna ba a shawarce shi ba lokacin da aka haƙa ramin.

Hajiya Rabi:
Gaskiya ne Baba, ban musa ba.

Malam Habibu:
Barista, tsofaffin tafkunan fa? Sabuwar doka tana hawa kansu?

Barista Nura:
Yawanci a'a, kuma nan ne babbar ɓaraka. Karolina ta Arewa ta dakatar da gina sababbin manyan gonakin aladu a 1997, a 2007 ta haramta sabon tafki irin na da gaba ɗaya. Amma dubban da ke nan aka bar su suna aiki, su ne Florence ta tarar bayan shekara 11. Bayan Floyd jihar ta saye gonaki sama da 40 da ke cikin kwarin ambaliya ta rufe su, da kuɗin jama'a. Wato wanda bai haƙa ba shi ya biya kuɗin cikewa. Ni da za a bi tawa, duk mai neman lasisi ya ajiye kuɗin jingina tun farko, wanda zai isa a kwashe laka a cike ramin in gonar ta karye, kuma kamfanin da ke da dabbobin ya sa hannu a lasisin tare da mai kiwo.

Injiniya Sani:
Lakar nan ba wasa ba ce. Tafkin da ya shekara 20 za ka tarar da mita ɗaya ko fiye a ƙasansa, cike da fosforas, a na aladu har da tagulla da zinki daga abincinsu. Ba kowane fili ne zai ɗauke ta ba.

A'isha:
Sai a haɗa da sharaɗin gwajin ƙasa kafin a watsa. Filin da fosforas ɗinsa ya riga ya cika a cire shi daga lissafi, ko da na mai gonar ne.

Hajiya Rabi:
Jinginar nan za ta yi wa sabon shiga nauyi, ku sani. In kamfani zai ɗauki rabi kuma sunansa ya hau takardar, zan iya zama a yi magana. Injiniya, rijiyoyin gwajin da ka ambata, nawa ake bukata a tafki ɗaya, kuma wa zai riƙa ɗiban ruwan? Don in ni zan ɗiba in kai da kaina, Baba Lado ba zai yarda da sakamakon ba.

Injiniya Sani:
Aƙalla uku, Hajiya. Ɗaya a gefen da ruwan ƙasa ke fitowa, biyu a gefen da yake gangarawa, don a kwatanta. A fara aunawa tun kafin a zuba komai a tafkin, in ba haka ba gobe za a ce da ma can ruwan haka yake. Ɗiban kuma ɗakin gwaji mai zaman kansa ya yi, a aika wa hukuma da maƙwabta sakamakon rana ɗaya da aka aiko miki.